Saniyar Shef

Muna sallame sallar asuba muka bar Stains, unguwarmu da ke gefen Paris, ni da ƙanwata. A jakata akwai kilishin da aka aiko mini daga Damagaram, zuciyata kuwa cike da kunya. Shekara tara na yi ina yanka kayan miya a wani ƙaramin gidan abincin Japanawa a Paris, hannun wani tsoho da matarsa. Shi Shef muke ce masa, ita Madam. Da suka rufe suka koma Lyon wajen 'yarsu, zumunci ya koma na waya. Bara Shef ya rasu, ban je gaisuwa ba. Yau aiki, gobe yara, har wata goma sha ɗaya. Ban san da wane ido zan dubi Madam ba.

Jirgin ƙasan ba ya wasa, awa biyu ce kawai. Gonaki suna ta wucewa, ga fararen shanu masu ƙiba kwance ba makiyayi. Ƙanwata ta sayi kofi a jirgin, ta ji kuɗinsa, ta rantse har kofin za ta kai gida. Lyon ta tarbe mu da zafin watan Agusta.

A bakin ƙofa muka tuɓe takalma kamar a gida. Madam ta tsufa, kanta ya yi fari fat. Ta sunkuya, na durƙusa, na yi gaisuwar da na haddace tun daga hanya. Ta ce ta gode. Aka kawo koren shayin nan marar sukari, wanda Shef yake kama ni ina zuba wa nawa sukari a ɓoye, ya yi ta girgiza kai. Ƙamshinsa kaɗai ya sa idona ya cika.

Madam ta shiga kicin, shirun ya dame ni. A kusurwar falo na ga hoton Shef, gabansa turare da 'yar tasar shinkafa, sai kokwamba ɗaya da baƙin yalo ɗaya, kowanne an soka masa tsinke huɗu. Na ɗauka ɓarnar jikoki ce, ga shi Shef ya tsani a wulaƙanta abinci. Na ɗauki yalon, na zare tsinkayen tsaf, na nufi famfo.

'Yar Madam ta shigo, ta gan ni, ta dafe baki. A hankali ta yi mini bayani: kwanakin Obon ne, lokacin da suka yi imani mamatansu suna dawowa gida ziyara. Kokwambar doki ce, don mamaci ya iso da sauri. Yalon saniya ce, don ya koma a hankali. Ni kuwa na cire wa saniyar Shef ƙafafu.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Madam ta fito, ta dubi hannuna, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi, hawaye na zuba.

"Gobe ya kamata ya tafi," in ji ta. "Yanzu sai ya ƙara kwana."

Na ce, "Madam, na makara da yawa."

"Shi ma shekaranjiya ya iso. Me kika kawo masa?"

Na ciro kilishin daga jaka, ta yagi kaɗan ta ajiye kusa da shinkafar. Ta ce ba sai na sunkuya wa hoton ba, ta san addinina tun ranar da take share mini wurin salla a bayan buhunan shinkafa. Na zauna gefe, muka yi ta hirar faɗan Shef da wuƙaƙensa har la'asar.

Da magariba muka iso Stains. Imaninsu daban, nawa daban, kuma kowa ya tsaya a nasa. Amma na gane kewa iri ɗaya ce, kuma wata goma sha ɗayan nan kunyata ce kawai ta tsare ni, ƙofar Madam a buɗe take. Yalon yana jakata. Ta hana ni mayar masa da ƙafafu.