Baffa Tanko da Ƙoƙon Kaka

"Da ido! Da ido kawai!" Duk wanda ya taɓa shiga zaurenmu na Ƙofar Gayan ya sha wannan tsawar daga bakin Baffa Tanko baduku, ƙanin mahaifina. Ko limami bai tsira ba.

Abin ya samo asali ne daga ziyarar da shi da 'yan ɗariƙarsu suka kai Fas, can ƙasar Maroko. Kowa ya dawo da labarin waliyyai, shi kuwa da labarin gidan tarihi.

"Jama'a, tsohon burgami, jakar fatar nan, na gani a cikin gilashi, har da mai gadinsa! Na rantse jar fatarmu ce. Na sunkuya zan sansana, wani Balarabe ya make min hannu!"

A lokacin 'ya'yansa duk sun watsar da dukanci, sun matsa a share zauren a buɗe shagon takalman roba, kayan aikin kakanmu kuma a kai bola. Sai Baffa ya riga su. Basilla, zabira, tsohon sirdi, duk ya jere a kan benci, ya kewaye da igiya. Da bencin ya ƙi cika, ya faɗa cikin gida. Na wayi gari babu dutsen niƙana!

Na ce, "Baffa, dutsen da na yi niƙa da shi jiya, shi ne yau ya zama tarihi?"

Ya ce, "Ke ma saura kaɗan, Ladi."

Kun ji fa!

To, wai a Fas kowane abu da takardarsa. Shi ajami ya sani, ɗaliban jami'a na Kongo, nan Zariya, da yake son burgewa kuwa sai boko. Ni kuma wata uku ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci, da jikokina da komai. Ya ce in rubuta sanarwa a manna a ƙofa: a zo a ga ƙoƙon Kaka, ƙoƙon da kakarmu ta ɗauki shekaru tana shan fura da shi. Na danna manyan baƙaƙe, na manta da ƙugiyoyin nan na kan "ƙa". KOKON KAKA.

Wayyo! Da safe sai ga ɗalibai uku, kowa da kofinsa.

"Baba, a zuba mana mai zafi. Akwai ƙosai?"

Har bakin masallaci ya raka su da sanda. Ya dawo yana haki: "Ladi, ƙugiya biyu kika cinye, kin mai da ni mai koko!"

Na ce, "Wanda ya fi ni iyawa ya karɓi fensirin." Bai karɓa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni da takarda. Ya ce, "Abu ɗaya ya ɓata min rai a Fas. Ga kaya, amma babu sunan wanda ya ɗinka." Kwana uku yana faɗa ina rubutawa: wannan aikin wane ne, ɗan wane. Inda numfashi ya gaza masa, in jira. Na bi kayan, na maƙala wa kowanne takardarsa.

Bayan rasuwarsa, da aka yi sadakar arba'in, babban ɗansa, Sani, ya shigo zauren da buhun kwashe kaya. Na tsaya na riƙe ƙugu, na shirya masa. Ya ɗauki basillar, ya karanta sunan kakansa, da na ubansa a ƙasa. Ya mayar da ita kan benci, ya naɗe buhunsa. Sai ya ce, "Yaya Ladi, shagon ma a bakin kasuwa zai fi ciniki."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa, Ya sa sunansa cikin na bayinSa na ƙwarai. Amin.