Turmin Liatu Ya Yi Shiru

A Tsiga ta wancan zamani ba sai ka leƙa gidan mutum ba kafin ka san ko ana ɗora tukunya. Kunne ya isa. Da hantsi kowane gida turminsa na magana, gidan da ya yi shiru kuwa, to akwai dalili.

Liatu 'yar wani ƙauye ce a gefen Malumfashi. Tana shekara tara ta fara daka, lokacin sai ta taka dutse take kai bakin turmi. Ta yi aji uku a makarantar mishan, sannan ta auri Amos, manomin dawa da auduga, mutumin kirki amma mai son a san da shi. Rumbu uku gare shi, kuma ba a tashi hira da shi ukun nan ba su shigo zance ba. Ta haifi bakwai, biyar suka rayu, suka girma da tuwon hannunta suka watse, matan gidan miji, mazan Kaduna. Ya rage daga ita sai turmi, sai kafaɗar dama da ta fara yi mata tsiya. A asibiti aka ce ta huta da daka. Ta yi dariya, ta ce to a rubuta wa cikin Amos takarda shi ma ya huta.

Kakar 1979 auduga ta yi kyau, sai Amos ya ce ta shirya su je Funtua ya saya mata injin niƙa. Tausayi ne, ban musa ba, amma har da son a ce gidansa aka fara.

Suka sauka shagon Okwudili, Ibo haifaffen Funtua, mai Hausa kamar jakin Kano. Idon Amos bai faɗa ko'ina ba sai kan wani inji fari ƙal mai kofin gilashi.

"Wannan za a naɗe mana," in ji shi.

Liatu ta ɗaga igiyar wutar da ke reto a bayansa. "Baban Mark, wannan wutsiyar fa, ina za mu soka ta a Tsiga? Jikin rumbu?"

Okwudili ya danne dariya. "Gaskiyar Mama ce, Baba. Lantarki yake so, kuma na tumatir ne da tattasai. Dawa za ta zubar masa da haƙora."

Amos ya koma kan wani ƙato mai shan man gas. Liatu ta ce ita tuwon mutum biyu za ta yi, ba na barikin soja ba. Can ƙarƙashin kantar shagon ta hango wani ɗan ƙarfe mai mariƙi, wanda ake ɗaurewa a bakin benci a juya da hannu. Ta kwance gefen zanenta, ashe da dawarta ta zo. Ta zuba, ta juya da hagu, ta murza garin a yatsu, ta ɗanɗana. Ta sa aka kwance shi ta ga ko zai wanku, ta tambayi inda ake samun haƙoransa in sun cinye. Amos ya ce abin ya fi kama da kayan gyaran keke. Shi dai aka saya.

Dawarsu farfara ce, wanki da shanya sun ishe ta, ba sai an surfa ba. Sai Liatu ta jingine taɓarya, ta zauna a ɗakin girki tana juya injinta tana waƙar coci. Ta yi farin ciki irin wanda ta manta akwai shi.

Kwana huɗu babu ƙarar turmi, sai ga Inna matar Malam Jibo, maƙwabciyarsu ta bayan danga, da ƙwaryar gero rufe da faifai.

"Surfen nan ne ya yi mana yawa, na ce kada ya lalace," in ji ta, idonta a ƙasa.

Liatu ta gane. "Haba Inna, lafiya lau muke. Inji muka saya, zo ki gani."

Inna ta dubi ɗan ƙarfen, ta dubi Liatu, idonta ya kawo ruwa. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Haka ake rufa wa miji asiri."

Daga nan magana ta fita. Wasu suka ce gara ta cinye rumbunan, wasu suka ce bara ma buhunan ƙaiƙayi ne a ciki. Aka wayi gari da damin dawa a zaure, ba a san mai shi ba. Ran Lahadi fasto ya nemi a yi addu'a domin wani ɗan'uwa da ke cikin matsi, bai ambaci suna ba, amma duk coci ta juyo ta kalli Amos. Shi da ya amsa amin da ƙarfi kafin ya lura.

Ya dawo gida yana huci. "Ni Amos ake yi wa sadaka? Ki fito da turmin nan. Ko babu komai ciki ki buga, gari ya ji."

"Ga shi can, ga taɓarya," in ji Liatu, ba ta ko daina juya injin ba. "Kunnen gari bai san hannun mace da na namiji ba."

Amos ya dubi turmin. Sannan ya je ya tokare ƙofar zaure, ya cire riga, ya zuba mudun dawa, ya tofa yawu a tafi kamar mai shirin huɗa. Sara goma na farko dawar ta yi ta tsalle waje, kaji suka yi biki. A na talatin gumi ya rufe masa ido. Bai kai sittin ba taɓarya ta gagari ɗagawa, ya tsaya dafe da kafaɗa, ga dawa ko fashewar kirki ba ta yi ba.

"Kullum haka kike yi?"

"Safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"A gidanka, shekara talatin da ɗaya."

Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta cikin coci nauyi. Ya juye dawar a faifai ya miƙa mata, ya kife turmin ya zauna a kai yana mayar da numfashi.

Liatu ta ce, "To, mutanen gari fa? Me za su ce?"

"Su ce rumbuna tara ne duk sun ƙone," in ji Amos. "Matso da benci, nuna mini yadda ake juya abin nan."