Saniyar da Tanko Ya Kama

A Potiskum ta zamanin Turawa, in ka ci bashin Tanko mai atamfa, to ka riƙe hularka da kyau. Bakano ne, gajere, mai ɗan tumbi, ba ya kai ƙara kuma ba ya jiran gobe. Ya taɓa cire wa wani tela ƙyauren ɗaki, ya ɗauko shi a ka har gidansa a unguwar Dogo Tebo. Abin alfaharinsa ke nan, kwabonsa bai taɓa yin ciwon kai ba.

Da mai shela ya zaga gari cewa daga yau ba mai kama kayan wani don bashi sai da izinin alƙali, Tanko ya ce da ragwaye ake.

A makon ne ya bi Hammawa, wani makiyayi da ya karɓi zanen sule shida bashi, har bakin gari. Ya zaɓi wata tsohuwar saniya mai manyan ƙaho, ya ɗaura mata igiya.

"Malam, ɗauki wata, ban da wannan," in ji Hammawa.

Tanko ya ji daɗi, ya ce lallai ya kama mai tsada. Mutumin da ya tashi cikin awon yadi, ina zai san ita ce ke jan garken? Kafin ya kai gida, shanu arba'in na biye da shi a natse. Suka ture danga, suka kewaye rumbun da ke ɗauke da dawarsa ta shekara.

A guje ya je wurin alƙali, karo na farko a rayuwarsa. Alƙali ya ce kamun ba bisa ƙa'ida yake ba, ciyarwa na kan wanda ya kama, shari'a kuma sai jibi. Tanko ya roƙi Hammawa ya kwashe abinsa. Hammawa ya ce shi talaka ne mai bin doka, ba zai taɓa ba sai alƙali ya yi magana.

Jibi ta yi, aka ci Tanko tara, aka umarci Hammawa ya biya. Ya ƙirga sule shida cif, har da godiya, wai shanu sun yi kyau.

Tanko ya dawo gida ya tarar da rumbu a kwance, ya zauna ya ce a kawo abinci. Matarsa Kande ta ajiye masa akushi a rufe. Ya buɗe, ba komai.

"Zuba sulallan a ciki," in ji ta. "Su muke da su har kaka."