Baƙin Mai a Zauren Yaya

Shekarar da Yaya ta haifi autarta na je mata barka, a wani ƙauye can bayan Ruma. Na taso daga Batsari da ƙullin kanwa da yajin jego, na isa da hantsi. Ina yin sallama na tarar da ita a zaure, durƙushe, tana gurza daɓen siminti da dutse. Mace mai ɗanyen jego!

"Innalillahi! Yaya, ko suna fa ba a yi ba!"

"Rage murya, 'yar birni," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Kun zo lafiya? Ya maigidan da yaran?"

Zauren nan mijinta ne ya yi masa siminti, wata shekara da gyaɗa ta yi kyau. Nan maƙwabta ke haɗuwa su yi jam'i idan ruwa ya tsare su, nan kuma yake jingine mashin ɗinsa. Daidai inda injin ke ɗiga, baƙin mai ya yi tabo kamar faɗin faifai.

Na ɗauka gyaran suna take yi, har na fara yi mata faɗa. Sai Inna, surukarta, ta leƙo daga cikin gida da baho cike da toka.

"Ba don baƙi ba ne, ɗiyata. Don mutanen daji ne."

Ta faɗa mini abin da ya faru a ƙauyen da ke gaba da su. 'Yan bindiga sun shiga wani zaure, suka ga tabon mai a ƙasa, suka ce a fito da mashin. Mai gidan ya rantse ya sayar tun bara. Ba su yarda ba. Suka tafi da shi, har ranar ba labarinsa.

"To ina mashin ɗin Baban yara?" na tambaya.

"Ya kai wa ƙanensa Katsina tun da aka fara ƙwace," in ji Yaya. "Mashin ya tafi, ya bar mana shaida."

A gidana nakan yi mita kan irin wannan tabo don yana ɓata mini shara. Ban taɓa sanin zai iya ɗauke mutum daga cikin iyalinsa ba.

Na cire hijabi, na kora Yaya ɗaki wurin jaririya. Na yi yadda na saba: na zuba toka da yawa na tattake ta, na bari ta tsotse, na share. Na jiƙa kanwar da na kawo wa mai jego a ruwan zafi, na haɗa da garin sabulu, na dirje wurin da tsumman buhu har fatar yatsuna ta saɓule. Da na ɗauraye, daɓen ya zama launi ɗaya. Inna ta yi ta sa mini albarka.

Muka yi Azahar, muka ci abinci. Da na fito duba wurin, simintin ya bushe, tabon kuma ya dawo. Ya ɗan dushe, amma ga shi nan, gefe-gefensa duk sun fito, kamar ma na zana shi. Man ya riga ya shige can ciki. Na sake, ya sake dawowa.

A haka Baban yara ya shigo daga gona. Mutum ne mai tsokana, bai taɓa ganina bai ce na zo cinye masa hatsi ba. Ranar kuwa gaisuwa kawai ya amsa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya shiga ya fito da diga.

"Haba Baban yara, simintin naka?"

"Matsa, ƙanwata, kar ɓaraguzai su same ki."

Sara ɗaya daɓen ya dare. Ni ce na yi kuka, ba shi ba. Da ya gama, Inna ta dubi ramin ta girgiza kai.

"Wannan ma magana yake yi. Duk wanda ya gani ya san an ɓoye wani abu. A zuba ƙasa, a kafa turke, a ɗauro awaki."

Haka aka yi. Kafin in tafi, wurin da maza ke shimfiɗa buzu su yi salla ya cika da kashin awaki da ragowar harawa. Ranar suna a ƙofar gida aka yi addu'a.

Bayan an yi girbi, ina tsaka da wanke-wanke, wayar Yaya ta shigo.

"Sun zo."

Kwanon da ke hannuna ya faɗi. "Ina Baban yara?"

"Ga shi nan zaune. Sun leƙa zauren, suka kwance awakin duka, har da mai cikin nan, suka wuce." Sai na ji ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da tata ba. "Ki taya mu godiya ga Allah, ƙanwata. Awaki kawai suka gani."