Kujerar da Ke Kallon Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje da safar roba a hannuna, mai kula da ɗakin magani ta leƙo ta taga ta kira ni. Tun kafin ta buɗe baki na gane, don labarin zuciya a tambayi fuska. Allah Ya yi wa Injiniyanmu rasuwa, mutumin da ke kula da kwamfutocin asibitinmu, wanda mu 'yan ɗakin gwaji muke wa laƙabi da Malam Ya-Buɗe. Ya rasu a gidansa, a gaban maiɗakinsa, bayan jinyar da ya sha da haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba.

Injiniya, ni ba marubuciya ba ce. Aikina duba tsokar jikin mutane a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, in ɗauki hotonta, in maƙala shi a jikin sakamakon mara lafiya. Amma tun da aka kai ka makwancinka abin yake cina, na ga idan na yi shiru ban kyauta ba. Mutane da yawa za su tuna ka a matsayin mai gyaran firinta da mai dawo wa mutum kalmar sirrinsa idan ya manta. Ni akwai abin da na gani wanda ba su gani ba.

Bari in fara da yadda aikin ya haɗa mu, domin wanda bai san wurin ba. Asibitinmu na da babbar kwamfuta guda ɗaya da ake kira saba, tana zaune a wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda. A kanta kowa ya dogara: ofishin kuɗi, ɗakin magani, masu katin marasa lafiya, da mu. Gidan haya ne, kowa da ɗakinsa, rijiya ɗaya. Manhajar da muke aiki da ita kuwa tana haɗiye duk hoton da muka maƙala, ta tura shi cikin rumbun bayananta da ke kan sabar nan. Hotunanmu manya ne, kullum kuma ƙaruwa suke yi. A kwana a tashi rumbun ya kumbura har ya cinye wurin maƙwabta.

Wata safiya komai ya tsaya cik. Layi ya miƙe a ɗakin magani har bakin ƙofa, masu kati suka koma biro da takarda, kowa kuma ya juyo yana hararar ɗakin gwaji kamar mu muka kashe wutar gari. A taron da aka kira, shawarar da ta fi sauƙi ita ce a goge tsofaffin hotuna a huta. Ni kuwa na san abin da ke cikinsu. Idan ƙari ya dawo wa mutum bayan shekaru, tsohon hoton nan likita ke ɗorawa kusa da sabo ya gane ko tsohon ciwon ne ya farfaɗo ko wani ne daban. Kai ne ka ɗaga hannu daga can baya, inda ka saba zama, ka ce wa shugaban asibiti, "Ranka ya daɗe, idan ɗaki ya cika ba a zubar da kaya, sito ake ginawa. A ba ni lokaci."

Siton da ka gina wani akwati ne mai faifan ajiya a ciki, ka girke shi kusa da sabar, ka haɗa su. Ka shiga saitin manhajarmu ka nuna mata sabuwar hanya, ta yadda hoton zai zauna a akwatin, ita kuma ta riƙe adireshinsa kawai. Da ka yi mini bayani na ce ai abu ne mai sauƙi, me ya sa ba za ka gama kafin la'asar ba? Ka yi dariya ka ce, "Malama, kwashe kayan ba shi ne aiki ba. Aikin shi ne kada ko ɗaya ya faɗi a hanya, kuma kada maƙwabci ya leƙa." Daga ranar na fahimci abin da ka ɗauka a wuyanka: hotunan cikin jikin bayin Allah, kada su ɓata, kada kuma idon da ba shi da hurumi ya gan su.

Batun leƙen ya fi damunka. Tunda sabar ta kowa ce, idan aka bar foldar hotunan a sake, duk mai shiga zai iya buɗe ta ya ga ciwon maƙwabciyarsa ko na surukinsa. Ka kulle ta yadda manhajarmu kaɗai ke da izinin shiga. Kai kuwa ba ka yarda da kulle sai ka girgiza ƙofa. Ina tuna ranar da ka ja ni har ofishin kuɗi, ka ce wa akawunmu, "Don Allah yi ƙoƙari ka sace mana hoto ɗaya." Bawan Allah ya gyara tabarau, ya danna nan ya danna can, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Ka tafa hannu kamar an yi maka albishir da haihuwa. Akawu ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ke murna don an kori baƙonsa ba. Ka ce masa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kuma ƙa'idojinka biyu, waɗanda suka jawo maka laƙabi. Ta farko, ba ka goge tsohon kwafi sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya zauna ya buɗe sabon da hannunsa. Na'ura za ta ƙirga ta ce kaya sun cika, ka ce ka ji, amma na'ura ba ta san hoton da ya fito rabi ba. Ta biyu, kai ba ka kallo. Kakan jawo tsohuwar kujerar nan mai gurguwar ƙafa, ka juya ta tana fuskantar bango, ka zauna ka ba allon kwamfuta baya. Ni in danna, kai ka tambaya, "Ya buɗe?" In ce, "Ya buɗe." Ka ce, "Na gaba." Haka za mu yi ta yi har wuyana ya ƙage. Abokan aikina suka riƙa tsokanarka, da ka shigo sai a haɗa baki a ce, "Ya buɗe!" Ba ka taɓa fushi ba, sai dai ka ce, "Allah Ya buɗa mana gaba ɗaya."

Na taɓa ce maka, "Injiniya, wannan wahalar ta mece ce? Makullin komai yana hannunka. Ko ka juya baya ko ba ka juya ba, in ka so gani za ka gani." Ka ce, "Shi ya sa nake juyawa."

Gaskiya mun yi ƙorafi a kanka. Mai ɗakin magani ta ce tafiyar hawainiya kake yi, ita wurin da za a samu take jira. Ni kaina na sha cewa mutumin nan zai kashe ni da "na gaba". Kakan ce sannu ba ta hana zuwa, mu kuma mu ƙarasa maka, sai dai a daɗe ba a je ba. Ran nan aka ɗauke wuta, sabar ta mutu ta tashi, akwatin bai haɗu da ita ba. Likitan tiyata na tsaye a kaina yana neman tsohon hoton wata baiwar Allah da za a shiga da ita aiki, na danna, wayam. Ka iso kana haki, ka duba, ka dafe kai ka ce, "Laifina ne, ban gaya wa sabar ta riƙa nemo akwatin da kanta idan ta tashi ba." Ba ka ɗora wa masu wuta ba, ba ka ɗora wa kamfanin manhaja ba. Kuma da yake ba mu kai ga buɗe hotunan waccan shekarar tare ba, tsohon kwafin na nan ba ka goge ba. Kafin likita ya gama faɗa hoton ya fito. Daga ranar mai ɗakin magani ta daina kiranka hawainiya, a gabanka dai.

Ka fara kwashewa daga shekarun baya kana tahowa, sashe bayan sashe na ɗakin gwaji, namu na tsoka ne na ƙarshe saboda nauyinsa. A tsakanin nan ne muka lura kana ramewa. Wuyan rigarka ya yi maka yawa, ka ƙara huda a bel ɗinka, idan ka hau matakala sai ka tsaya ka yi kamar kana duba waya. Muka matsa maka, ka ce aiki ne. Da ƙyar maiɗakinka ta kai ka gaban likita, ya taɓa wani kumburi a wuyanka, ya ce sai an yanki kaɗan an gwada.

Teburina tsokar ta zo. Lamba ce a jikin kwalbar, amma na san ta wane ne. Ni na yanka ta, na rina ta, na ɗora a madubi. Na daɗe a wannan aiki, na san abin da na gani tun kafin babban likitanmu ya zo ya duba ya girgiza kai. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Na ɗauki hoton, na maƙala, na shiga banɗaki na yi kukana. Ba hurumina ba ne in gaya maka. Likitanka ne zai faɗa maka ranar Litinin, a zaune, da maiɗakinka a gefe, yadda ya dace a gaya wa mutum irin wannan magana.

Ranar Alhamis sai ga ka da fara'arka, ka ce, "Malama, yau za mu sauke kaya. Na wannan watan kaɗai suka rage." Na ce ko mu bari sai mako mai zuwa? Ka ce aikin da ya kai gaɓa ba a kwana da shi. Ka jawo kujerarka, ka juya ta bango.

Muka fara. Ya buɗe? Ya buɗe. Na gaba. Ina ganin lambar tana matsowa daga ƙasan allo, ina roƙon Allah Ya ɗauke wuta. Wuta ba ta ɗauke ba. Na danna, hoton ya cika allo, jikinka ne, kana zaune kamu ɗaya da shi. Da ka waiga kaɗan da ka gani.

"Ya buɗe?"

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na yi gyaran murya na ce, "Ya buɗe."

Ina kallon ƙeyarka, ina kallon filastar da ke wuyanka. Sannan ka ce, "Ya fito sosai? Bai yanke ba?"

"Ya fito sosai."

"To, alhamdu lillahi. Na gaba."

Ba ka waigo ba, Injiniya. Muka ƙarasa sauran, ka goge tsofaffin kwafin, ka sake sa akawu ya gwada sata ya kasa, ka zo ka ce mini sito ya kammala. Ka yi mini godiya, wai na yi haƙuri da kai. Na zaci ba ka gane komai ba, har na yi wa Allah godiya da na iya riƙe kaina.

Sai da na je gaisuwar rasuwa gidanka na san gaskiya. Maiɗakinka ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce, "Ke ce Malamar ɗakin gwaji? Ranar Alhamis ɗin nan da ya dawo ya ce mini, 'Yau muryar Malama ta karye a kan fayil guda. Ina jin nawa ne.' Na ce masa, to Baban yara, ba kai ke da makullin ba? Ka buɗe mana mu gani, mu huta da zullumi. Sai ya ce, 'Makullin na asibiti ne, ba nawa ba. Ran da na buɗe nawa, gobe na wani zan buɗe. Litinin ba nisa.'" Ta ce a kwanakin nan ka gyara famfon da ta daɗe tana yi maka mita a kansa, ka zauna ka yi wa ƙaramar 'yarku aikin makaranta, ka ci abinci kamar ba komai. Ranar Litinin kuka tafi tare, ka ji daga bakin likitanka.

Na yi kuka a gidan nan fiye da yadda ya kamata baƙuwa ta yi, har ita da aka yi wa rashi ta koma ba ni haƙuri. Ina jin ciwon rashinka ƙwarai. Sabar tana aiki, layi ba ya tsayawa a ɗakin magani, hotuna na buɗewa, marasa lafiyar da ka tsare wa sirri ba su ma san an yi ka ba. Kujerarka na nan inda ka bar ta. Mai shara ta juyo da ita sau ɗaya, na mayar da ita yadda take.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi jinyarka ba ta gaji ba, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da ta ga abin da kowace uwa ke roƙon kada ta gani, da 'yan'uwanka, da dukan abokan aikinmu. Allah Ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya sa albarka a cikinsu.

Ya Allah, bawanka ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya riƙe makullin sirrin bayinka bai taɓa leƙawa ba, har nasa na kansa. Ya Allah, ranar da za a buɗe littafin kowa a gaban kowa, Ka rufa masa asiri. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.