Adon Rumbun Inna

A shekarar da autata take gama karatun tsara tufafi, malaminsu ya ce kowa ya fito da adon atamfa daga abin da ya gada a gida. Mu kuwa ɗaki biyu ne na haya a Sabon Tasha, babu abin gado a bangonsu sai kalanda. Shi ne na ba ta labarin rumbun mahaifiyata a ƙauyenmu, can bayan Kafancan. Idan an yaɓe shi, tun laka tana ɗanya, Inna takan bi jikinsa da yatsu tana yi masa ado. Rumbun ya daɗe da rushewa, ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. A kaina kaɗai ya rage.

"Mama, ke dai ki yi ta faɗa," in ji yarinyar. "Kwamfuta za ta zana."

Abin nan ne da a rediyo suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ranar Lahadi bayan coci muka zauna, yayyafi yana sauka a kan kwano. Ina faɗa tana bugawa, ni kuma ina bin kalmomin da yatsa a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

Sai hotuna suka soma fitowa kamar a mafarki. Rumbu mai ruwan zinariya. Rumbu da furanni, wata yana tsaye a bayansa. Kowanne ya fi na Inna kyau.

"Wannan fa?"

"Ya yi kusa," na ce, don kada in kashe mata gwiwa.

Na lumshe ido in dubo na gaske, sai na ga mai zinariyar nan zaune a tsakar gidanmu. Na sake lumshewa, mai furanni ya fito. Na Inna yana janyewa, kamar fuskar wanda ka bari a tasha mota tana tafiya.

"Rufe ta, 'yata."

"Mama, jibi fa zan miƙa! Ko kin kamu da ciwon Baba ne, mai gudun rimot ɗin talabijin?"

Na ɗauki faranti na zagaya bayan ɗaki, inda ruwa ya jiƙa jar ƙasa. Na kwaɓa, na shafe farantin da ita, na rufe ido na bar hannuna ya tafi. Yatsu uku suka ja layi yana lanƙwasa kamar rafi, babban yatsa yana dangwalawa a kowace kwana. Can a tsakiya hannun ya tsaya da kansa, ya ci gaba ɗan ƙasa kaɗan. A nan ne Inna takan dakata ta gyara goyon ƙanena.

Yarinyar ta ɗauki hoton farantin, kwamfuta ta jera adon ya cika faɗin atamfa, amma ta miƙe wurin da layin ya karye.

"A'a, Hajiya kwamfuta," ta ce tana bugawa, "bar wa kakata abinta."

Kwamfutar ta mayar da karyewar layin. Aka miƙa aikin a kan lokaci.

Ƙyallen gwajin da suka buga yana ƙasan akwatina. Ba na yawan buɗewa. Idan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, nakan lumshe ido a bakin ƙofa, rumbun ya zo da launinsa na laka, Inna tana tsaye tana gyara goyo.