Kuɗin Fim da Suka Dawo Mana Goro

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni waɗanda sai wani ya tuna mini nake cewa, "Af, ashe an yi haka." Amma wannan da zan ba ku labari, ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ina jin shi ne zai rage. Abin mamakin kuma, har yau idan aka ce in nuna mai gaskiya a cikinsa, ba zan iya ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Zakirai, kuma manomi kamar kowa a garinmu. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonaki biyu, ni da ƙanena da mahaifiyarmu da muke kira Inna. Ɗaya ta tudu ce, gero da dawa muke yi a cikinta. Ɗayar tana bakin fadama, ita ce mai riƙe da gidan, gyaɗa da damina, tumatur da albasa da rani. Shi ƙanen nawa tun yana sakandare hankalinsa ya tafi harkar fim. Ya koma birni, ya yi dakon kayan masu kyamara, ya yi riƙon fitila, har Allah ya sa suka buɗe ɗan ƙaramin kamfani shi da wani abokinsa.

Wata shekara bayan an gama girbi ya zo gida da zumuɗi. Ya ce ya rubuta labari a kan manoma, a garinmu za a ɗauka, kuma ba don kasuwar Kano kaɗai ba. Wai ya samu wani Alhaji, Bahaushen Kumasi, wanda yake kama manyan ɗakunan kallo a ƙasar Gana yana nuna wa mutanen zango, wato unguwannin Hausawa na can, finafinan Hausa, suna biyan kuɗin ƙofa. Sun yi magana a waya sun daidaita: Alhaji zai nuna fim, a raba abin da aka samu rabi da rabi. Abin da ya rage kawai kuɗin aiki. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, da za a ba da gonar fadama jingina, kafin damina na fanso ta."

Inna ta kalle shi ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ci hoto ya ƙoshi ba." Amma autanta ne, kuma ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Ni ma haka. Muka ba wani maƙwabcinmu mai shanun noma gonar, ya ba mu kuɗi.

An yi fim, garinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mata suna leƙe ta saman danga, tsofaffi suna gyara wa 'yan wasa riƙon galma, don wani jarumin ma baibai ya riƙe ta. Ni kaina an sa ni na wuce ta bayan jarumar da damin dawa a ka, aka yi ta maimaitawa har wuyana ya ƙage. Bayan an gama haɗawa aka tura wa Alhajin Kumasi.

Ba a jima ba hotunan bidiyo suka fara shigowa wayar ƙanena, shi kuma yana turo mini. Ga layin mutane har bakin titi, ga ɗaki cike maƙil, ana tafi ana ihu. Akwai inda aka nuno rumbunan gidanmu, na ji wata tsohuwa a cikin masu kallo tana salati da ƙarfi. Na kai wa Inna ta gani, ta ce, "Duk waɗannan kuɗi suka biya don su ga rumbuna?" Na ce mata ƙwarai kuwa. Labari ya bazu a gari. A masallaci ana yi mini murna, abokan aikina a makaranta suna tsokanata wai in fara neman fasfo.

Sai shiru. Rani ya yi nisa, zafi ya sauka, hadari ya fara haɗowa ta gabas, ba kuɗi ba labarinsu. Maƙwabcin namu ya tare ni a hanya cikin mutunci ya ce, "Malam, in kai taki gonar nan, ko kuna nan tafe?" Na ce ya ɗan ƙara haƙuri. Ƙanena ya zo gida ya rame, idanunsa sun faɗa. Masu kyamara da 'yan wasa suna binsa ragowar haƙƙinsu, abokin kamfaninsa ya fara zargin ko shi ne ya karɓa ya ɓoye. Ya zauna yana kunna mini saƙonnin murya da suka yi ta musaya da Alhaji. Na saurara da kunnuwana biyu. Wannan ya yi magana in ce wallahi gaskiyarsa ce, wancan ya ba da amsa in ce to ai shi ma gaskiyarsa ce. Ana ta ambaton haraji, da hayar ɗaki, da canji, da takardun banki. Da muka gama na fi rikicewa fiye da kafin mu fara.

Wata ranar Asabar da hantsi ina gyaran kekena a ƙofar gida, sai ga a-kori-kura ta tsaya, an lafta mata kaya an rufe da tamfol. Wani dattijo ya sauko, gajere, fari tas da furfura, riƙe da 'yar jaka. Ya yi sallama da wata irin Hausa mai daɗi wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Tun kafin ya faɗi ko wane ne na gane muryar. Alhajin Kumasi ne da kansa.

"Na ji an ce yaron nan yana kirana ɓarawo," in ji shi bayan mun gaisa. "A shekaruna ba zan kwanta da wannan suna ba. Shi ya sa na taso."

Na yi wa ƙanena waya, kafin azahar ya iso a kan babur. Muka zauna a zaure, Inna tana daga bayan ƙyaure tana ji. Sai duk su biyun suka juyo gare ni. Alhaji ya ce, "Malam, kai ne babba a gidan nan, kai za ka raba mu." Ni da ban taɓa shiga ɗakin kallo na biya kuɗi ba, ban taɓa ganin kuɗin Gana da idona ba, wai ni ne alƙali.

Ƙanena ya fara. Ya ce magana ɗaya aka yi, rabi da rabi. Ya ga ɗakuna a cike da idonsa a bidiyo, ya san kuɗin shiga, ko makaho aka ba wa lissafin zai san abin da Alhaji yake cewa rabonsu ne bai kai ko kusa ba. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce shi ma bai musa ba, rabi da rabi aka ce. Amma mai ɗaki yana ɗaukar nasa tun a bakin ƙofa, hukuma tana ɗaukar nata, ga tallan rediyo, ga man janareta, ga wanda ya rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoton don yaran zango da Hausarsu ta yi rauni. Abin da ya saura shi ake rabawa, haka ake yi a can tun kafin a haifi ƙanen nawa.

Don dai in ce wani abu, na tambaya, "To da kuka ce rabi, rabin me kuka ce?"

Tare suka amsa. Ƙanena ya ce, "Rabin abin da aka karɓa a ƙofa." Alhaji ya ce, "Rabin riba." Suka kalli juna, kowa yana mamakin ɗan'uwansa. Ban ga alamar wasa ko ƙarya a fuskar ko ɗaya ba.

Ban gama haɗiye wannan ba aka ɓallo wata. Alhaji ya ce bidiyon da muke gani na makon farko ne. A mako na biyu fim ɗin ya riga ya shiga wayar kowa a Kumasi, ɗakunan da ya kama a wasu garuruwa kujeru ya nuna wa, kuma daga Kano aka sake shi. Ƙanena ya miƙe tsaye ya rantse da Allah kwafi ɗaya ne ya fita daga hannunsa, shi ne wanda ya tura wa Alhaji. Alhaji ma ya ɗaga yatsa sama ya rantse. Na rasa wanda zan kalla. Sannan ga maganar canji. Wai da aka tashi turo kuɗin ta banki, an nemi wasu takardu da kamfanin ƙanena ba shi da su. Kafin a gama kai-kawo darajar kuɗi ta motsa, sai aka shiga gardamar ko da farashin ranar da aka nuna fim za a biya ko da na ranar da za a turo. Nan kam kaina ya ɗauki zafi, na ji kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo a darasin da bai halarta ba.

Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙyaure: "Ni ku gaya mini, to wai wa ya ci kuɗin?"

Alhaji ya miƙe ya nufi wurin a-kori-kurar, muka bi shi. 

Da muka isa ya ce a yaye tamfol. Huhunan goro ne, jere, an ɗaure da ganye. Ya ce da ya ga kuɗin suna narkewa a hannunsa, kuma 'yan canji za su sake yankar nasu, sai ya sayi goro da rabon namu kaf, don ya san goro ba ya rasa mai saye a Kano. Ƙanena ya yi wata dariya mai kama da kuka. "Alhaji, goro zan kai wa masu kyamara? Goro zan ba mai gona?"

"Wace gona?" in ji Alhaji.

Ashe bai sani ba. Na yi masa bayani. Sai ya ce a kai shi ya gani. Bayan la'asar muka taka har bakin fadama, muka tarar maƙwabcinmu ya riga ya zuba taki tsibi-tsibi. Dattijon nan ya tsaya yana kallo, ya ce ai ya gane wurin, nan ne jarumar ta zauna tana kuka a fim. Ya ce kakansa daga wannan ƙasar ya tafi fatauci bai dawo ba, shi ya sa ma ya karɓi fim ɗin. Ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Da na san gonar marayu ce a ciki, da na ce wa yaron nan kada ya fara. Wallahi Malam, ba ni da abin da ya wuce wannan goron."

Na yarda da shi a lokacin. Da na koma gida na ga ƙanena zaune ya haɗa kai da gwiwa, shi ma na yarda da shi. Hukuncin da na iya yankewa kawai shi ne a karɓi goro, sauran a bar wa Allah. Babu wanda ya ji daɗin hukuncin, har ni da na yanke.

Sayar da goron ma wani ciwon kai ne. Ba mu san ana buɗe huhu ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara, wato wanda tsutsa ta ci ba, sai da wani kaso ya lalace. Dillalan kasuwar goro a birni kuma kallo ɗaya suka yi mana suka san baƙi ne. Abin da aka samu ya sallami ma'aikatan fim, ya wanke ƙanena a wurin abokinsa, amma bai kai ya fanshi gona ba. Wannan daminar da ta bayanta ina wucewa a kan keke ina ganin gyaɗar wani tana yabanya a gonar mahaifinmu. Da albashina da kuɗin tumakin Inna muka lallaɓa muka karɓo ta daga baya.

Ƙanena yana nan yana fim, kuma har gobe yana cewa an cuce shi. Alhaji kuwa duk sallah sai ya kira ni mun gaisa, kuma bai taɓa ajiye waya ba tare da ya ce shi ma asara ya yi ba. Na daina ƙoƙarin gano wanda ya fi gaskiya.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, ba sai da macuci ake yin asara ba. Mutum biyu masu tsoron Allah za su iya furta kalma ɗaya, su yi musafaha a kanta, alhali kowa da abin da yake nufi a ransa. Tun daga lokacin, duk wata magana da za ta taɓa abincin gidana, ko da wa nake yin ta, sai na ce, "Tsaya, ban gane ba, sake faɗa mini." Ina maimaitawa har sai na ji mun zo wuri ɗaya, ko da za a ce malamin makaranta ya cika duhun kai.